Tauraron Boma a Obalende

A Obalende, dab da barikin Dodan, in aka miƙo maka lambar yaƙi aka ce ta kakan wani ce da ya je Boma a 1944, juya bayanta kafin ka taɓa aljihu. Ingila ta raba tauraron Boma ne ba suna, bayansa sumul. Lambobin yaƙin 1914 ne ake buga wa suna da lambar soja. To, mai saye yana son labari, sai gwani ya ɗauki ƙusa ya karce "Saje" da suna, ya dirje tagullar da lemun tsami har tana ƙyalli. Masu tarawa a Landan kuwa, baƙin dattin nan da ya wanke shi suke biya. Gwanin kuma ya ƙara kuɗin wanki a kan farashi.