Yadda Ake Kashe Tsohuwar Tarakta Cikin Mutunci

Tuni aka daina ƙera Massey Ferguson 135, amma irinta ta ƙi mutuwa. Manomin Tibiri da ke son ya raka tasa makwanci kafin damina, babban sirrin shi ne kada ya kuskura ya duba mai. A wannan mota, mai guda ne ke shayar da giya da ƙafafun baya da fampon da ke ɗaga garma, don haka sakaci ɗaya tak ya isa ya lalata ukun a tare, an ga kuwa riba. Idan man ya yi fari kamar nono, ruwa ne ya shiga, sai a bar shi ya ƙara kwana. Idan garma tana ɗagowa tana makyarkyata, ko mai ya yi ƙasa ko rairayin Dallol Mauri ya toshe matata. Wanke matatar ba ya cin ko dala, shi ya sa bai dace da babban mutum ba. Abin da ya dace shi ne a ce maƙwabci ya yi wa motar baki. Idan garma ta sulale ƙasa da zarar an kashe inji, mai ne ke zurarewa ta zobban silinda da suka cinye, maganinsa kuwa igiya. Giya kuma in ta fara gurnani wajen shiga, yawanci kuloci ne ke neman a daidaita shi da sifana, amma jarumi hannu biyu yake sa wa ya danna har haƙoranta su zube.

Wani zai ce ai mai tsada gare shi, talaka bai iya juye shi kowace shekara. Gaskiya ne, kuma hikimar ke nan: a tsimi kuɗin jarka, a biya na sabon fampo, a ƙara da na mota zuwa Dogon Dutsi ko Birnin Kabi neman kayan gyara, alhali ruwan shuka ya sauka, manoman Gecheme da Kore Mairuwa sun gama binne gero. Wani kuma zai ce laifin tsufa ne kawai. To amma tsufa bai taɓa zuba yashi cikin mai ba, aikin mazurarin da aka yar a ƙasa ne, da jarkar da aka bari baki buɗe cikin iskar bazara. Hujjar tsufa dai tana da daɗi, don tana wanke mai mota tas.

Wanda ya ƙi wannan shawara, ya riƙa duba mai kowace safiya, ya wanke matata, ya rufe jarka, to ya sani ya shiga haƙƙin mutane. Makanikai ma suna da iyali, masu shanun huɗa kuma suna jiran haya.