Rabe-raben Mutane a Gaban Masai Mai Maɓalli Biyu

Kamfanin Caroma na Ostareliya ya fito da masai mai tsimin ruwa, mai maɓalli biyu, a 1980. Na yau yakan saki kimanin lita 3 don fitsari, lita 6 don babbar buƙata, alhali tsohon yayi yana kwashe lita 13. A Magami, Tsafe, Bunguɗu da Gusau, inda ruwan gida kan fito daga rijiya, burtsatse ko kurar mai garuwa, wannan tsimi ba ƙaramar riba ba ce. Sai dai ranar da masan ya ƙi kora, mutane kan rabu gida biyar.

Na farko shi ne Danna-danna. Yakan danna ƙarami, ya danna babba, ya haɗa su ya danna, duk kafin tanki ya cika. Da ya jira minti biyu, da magana ta ƙare.

Na biyu Sarkin Bokiti. Ba ya bincike. Yakan ɗebo bokiti biyu ya sheƙa, ya fito yana yabon dabararsa, ya kashe ruwan kora shida a zama ɗaya.

Na uku Injiniyan Gida. Yakan ɗaga murfin tanki ya ce, “Ai wannan ƙaramin aiki ne.” Matsalar dai ƙwallon da ke tsayar da ruwa ne ya yi ƙasa, juyin noti ɗaya ya isa. Shi kuwa sai ya kwance komai, ya ɗaure da robar tayar keke, a ƙarshe kuma notuna biyu su yi saura a hannunsa, ya jefa su aljihu.

Na huɗu Mai Zargi. In ya ji ruwa yana tsiyaya da tsakar dare, laifin yara ne, ko baƙi, ko mutanen ɓoye. Mai laifin kuwa robar ƙasan tanki ce da ta ci, ko yashin rijiya da ya maƙale mata.

Na biyar Baba Mai Kewar Salga. Bai taɓa danna komai ba. Da butarsa a hannu yake tunatar da jama'a cewa ramin kakansa bai taɓa neman makaniki ba.

Mai gyaran famfo yakan bi abin daki-daki: ko akwai ruwa a tankin sama, tunda wuta ba ta da alƙawari, ko ruwa ya kai layin da ke cikin tanki, lafiyar roba, ƙananan ramukan bakin kwano, waɗanda gishirin ruwan burtsatse kan toshe, sannan bututu da sokawe, inda leda da tsumma kan yi sansani. Galibi a mataki na biyu ko na uku ake gano cutar. Kuɗin aiki kan ninka ne kawai idan Injiniyan Gida ya riga shi zuwa.