Waswasin Mai Sayen Kyamara

Malaman da suka gabata, Allah Ya yi musu rahama, sa'ad da suka zauna ƙididdige cututtukan da kan kama zuciyar ɗan Adam, suka ambaci hassada da riya da girman kai da dogon buri, suka kuma yanka wa kowace cuta babinta da fasalinta da maganinta, bai faɗo musu a rai ba cewa za a yi wani zamani da magidanci baligi, mai cikakken hankali, wanda bashin da ake bin sa bai taɓa hana shi minshari ba, zai kwana yana juyi a shimfiɗa don kawai ya rasa wadda zai saya tsakanin kyamarori biyu. Wannan lalura kuwa ta yi yawa a cikin 'yan bokonmu da matasan attajiranmu, har ya wajaba a yi mata ɗan sharhi, ko Allah Ya sa mai fama da ita ya sami sauƙi, iyalinsa kuma su sami hutu.

Kyamarar da ake jayayya a kanta ita ce babbar nan baƙa, mai madubi a ciki, wadda ake kwance mata gilashin gaba a ɗaura wani. Haske kan shigo ta gilashin ya bugi wani ɗan madubi da aka jingine a karkace, madubin ya tura shi sama zuwa idon mai ɗauka, saboda haka abin da ya gani shi zai samu. Da zarar ya danna maɓalli, sai madubin ya yi tsalle ya ba da hanya, labule ya buɗe, hasken ya sauka a kan wani ɗan faranti mai tsawon milimita 36 da faɗin 24, wanda ke mai da shi hoto. Wannan tsallen madubi shi ke ba da ƙarar nan da kan sa 'yan biki su gyara zama, kuma in za a faɗi gaskiya, rabin kuɗin da mutanenmu ke biya na ƙarar ne. Asalin ilmin kuwa tsoho ne, domin Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya riga ya bayyana a cikin Kitabul Manaziri, juzu'i bakwai, yadda haske ke ratsa ƙaramar kafa ya shiga ɗaki mai duhu ya zana surar abin da ke waje. Shi da fitila da ɗaki ya bar wa duniya ilmi. Mu kuwa an miƙo mana ilmin a kwali tare da littafin bayani, muka ajiye littafin a ledarsa, muka rataya sauran a wuya.

Gidaje biyu ne a birnin Tokyo na ƙasar Japan suka daɗe suna riƙe da wannan sana'a, watau Nikon, da aka kafa a 1917, da Canon, da ya biyo baya a 1937. A shekarar 2012, wata guda tsakani, kowannensu ya fito da abin da ya jefa jama'a cikin fitina. A watan Fabrairu Nikon ya kawo D800, mai megafiksel 36, watau ɗigo miliyan 36 a hoto guda, tana ɗaukar hoto 4 a sakan ɗaya, kuɗinta wajen dala 3,000. A watan Maris Canon ya mayar da martani da 5D Mark III, mai megafiksel 22, tana ɗaukar hoto 6 a sakan, tana da wuraren saiti 61 inda waccan ke da 51, kuɗinta wajen dala 3,500. A wurin mai sana'a, hukuncin bai fi layi biyu ba: wanda ke ɗaukar duwatsu da gine-gine da duk abin da ba ya motsi, yana kuma son ya wanke hoton ya cika bango, ya nufi ta farko, wanda ke bin dawaki da 'yan ƙwallo da amaren da ba sa tsayawa wuri ɗaya, ya nufi ta biyu. Shi ke nan, a shafa fatiha a watse.

Amma mutumin namu ba mai sana'a ba ne, kuma tun yana yaro ya ginu a kan ƙa'idoji biyu waɗanda bai taɓa ganin sun saɓa wa juna ba: ta farko, abin da ya fi tsada shi ya fi kyau, ta biyu, abin da lambarsa ta fi yawa shi ya fi daraja. Sai ga shi yau mai tsadar ita ce mai ƙaramar lamba, mai babbar lambar kuma ita ce mai rangwame. Hujjoji biyu sun yi karo, babu hanyar jam'i, babu hanyar tarjihi. In ya sayi Canon, wani ɗan iska zai tambaye shi megafiksel nawa ce, ya ji kunya. In ya sayi Nikon, wani zai tambaye shi nawa ya saya, ya sake jin kunya. Maganar hoton da zai ɗauka kuwa, wannan ba ta ma shigo cikin bahasin ba tukuna.

Daga nan sai ya shiga neman fatawa. Ya tambayi direbansa, ya tambayi surukinsa da ya taɓa zuwa Dubai, ya tambayi yaron da ke gyara masa waya, daga bisani ya kai ƙara majalisa bayan sallar isha'i, inda ya tarar da jama'a sun riga sun rabu gida biyu, kowane gida da limaminsa. 'Yan Canon suka ce tasu ce ta iya launin fata, kuma ita masu shirya fim suka rungume tun 2008, lokacin da 5D Mark II ta zo da ɗaukar bidiyo. 'Yan Nikon suka ce tasu ce ke tono abin da ya ɓuya a inuwa, kuma mahaɗar gilashinsu tana nan tun 1959, alhali su waɗancan a 1987 suka yar da tsohuwar mahaɗarsu suka bar mabiyansu da tarin gilasai marayu. Aka yi ta mujadala har mai shayi ya kife kofunansa. Abin da babu wanda ya faɗa masa shi ne, wannan ta'assubanci duk aljihu ne ya haife shi, domin gilashin wannan gida ba ya zama kai tsaye a jikin kyamarar wancan, hatta murɗa shi ma kowa da inda yake murɗawa, ɗaya dama, ɗaya hagu. Saboda haka wanda ya riga ya zuba dukiyarsa a gilasai uku na gida ɗaya, idan ka ji yana rantsuwa da fifikon gidan, to kuɗinsa yake karewa, taƙlidi ne tsantsa, babu ɗigon ijtihadi a ciki.

Ranar da ya isa kanti, yaron kantin, wanda Allah Ya yi wa ladabi da ƙarancin sanin duniya, ya jera masa su biyu a kan tebur, ya ce, "Ranka ya daɗe, wane irin hoto za ka riƙa ɗauka?" Mutumin namu ya yi shiru, ya gyara hula, ya dubi silin, domin tun da ya fara wannan bincike babu wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya, shi ma bai taɓa yi wa kansa ba. Can ya ce, "Kowane iri." Ya ɗauki Nikon ya juya ta, ya duba sama, ya duba gefe, sa'an nan ya rage murya ya ce, "Yaro, ina wurin nan kore, wanda in an murɗa ita ke yin komai da kanta?" Yaron ya ce, "Yallaɓai, wannan ba ta da shi, an yi ta ne don waɗanda suka iya. Canon ɗin ce ke da shi." Nan take mas'alar da ta gagari majalisa ta warware, ya ce dama shi tun asali zuciyarsa ta fi kwanciya da Canon. Yana shirin ƙirga kuɗi sai yaron, don tsabar amana, ya ƙara da cewa ita kuma Canon ba ta da 'yar fitilar nan da kan ɗago kai ta haska, sai an sayi tata daban, Nikon ce ke da ita a jiki. Mutumin ya mai da kuɗinsa aljihu, ya ce zai je ya yi istihara.

A ƙarshe dai ya saya, kuma a ranar ce ya gane cewa kuɗin da ya sha wuya yana tarawa na gangar jiki ne kawai, kamar wanda ya sayi doki aka miƙa masa shi babu sirdi babu linzami. Gilashin kirki, irin mai jan zobe a gidan Canon ko mai zoben zinare a gidan Nikon, shi kaɗai yana iya cin dala 2,000, ga jaka, ga memori, ga batir na biyu, ga ƙafa uku ta ɗorawa. Da ya shiga gida da kaya niƙi-niƙi, uwargida ta tambayi farashi, ya faɗi kashi ɗaya cikin huɗu, ta yi salati ta ce, "Maigida, da wannan kuɗin ai da an rufe ɗakin nan da ke yoyo." Ya ce mata wannan jari ne. Yara ne suka fara ɗanɗana jarin, domin an tsayar da su a rana tsakar gida, a yi dariya, a daina dariya, a matso, a ja baya, har autan ya fashe da kuka, shi ma aka ɗauke shi a haka sau goma sha biyu cikin sakan biyu.

Inda cutar ke bayyana ƙarara shi ne taron jama'a. Za ka gan shi a wurin ɗaurin aure ko suna cikin babbar riga, ya rataya abin da ya kusa kilo biyu a wuya, ya juya igiyar yadda sunan kamfani da lambar kyamarar za su fuskanci jama'a, yana takawa a hankali yana ture mai hoton da aka yi haya. Shi kuwa mai hoton, da tsohuwar kyamararsa da igiyarta ta ƙoƙe, ya san inda rana take ya juya mata baya, ya san gwaggon da idan aka manta da ita a hoton dangi za a shekara ana gaba, ya san daƙiƙar da amarya za ta ɗago kai. Mutumin namu ya tsayar da ango a bakin ƙofa, hasken rana a bayansa, ya fito baƙi ƙirin sai haƙora. Ya auna amarya, wuraren saiti 61 suka yi ijma'i a kan kular shinkafar da ke gabanta, kular ta fito tar har ana ƙirga ƙwayoyi, amarya ta zama hayaƙi. Ranar Hawan Daushe kuma, a tsakiyar ƙurar dawaki ya tsaya sauya gilashi, ƙura ta shiga ta zauna a kan farantin, tun daga ranar duk sararin samaniyar da ya ɗauka sai ta fito da ɗige-ɗige, ya ce laifin kamfani ne, da ya sani da ɗayar ya saya.

To, ina hotunan? Amsar ita ce kalmar nan da ta zama wiridin masu wannan cuta: "Zan turo maka." Amarya ta haihu, ta yaye, hoton bikinta yana cikin memori, memorin yana cikin jaka, jakar tana kan durowa. In kuwa Allah Ya nufa an turo, to ta WhatsApp za a turo, shi kuma ya matse miliyoyin ɗigon nan da aka yi ta rigima a kansu, a kalla a wayar da ba ta fi tafin hannu ba, a wuce. Iyayenmu da fim mai ɗaukar hoto 36 kacal suka yi aiki, kowace danna sai an yi tunani domin kuɗi ce, amma hotonsu yana nan rataye a bangon zaure har jikoki suna nuna shi da yatsa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Saboda haka, ga wanda ya nemi fatawata, sai in ce duka biyun halal ne, duka biyun sun fi ƙarfin bukatarsa nesa ba kusa ba, kuma watannin da ya ɓata yana auna su, da ya ɓata su yana koyon yadda haske ke sauka a fuska da safe da yamma, da ko da wayarsa ya ɗauki abin da za a rataye. In lallai sai ya zaɓa, ya dubi gidan da amininsa yake, ya bi shi, don ya riƙa aron gilashi. Mafificin ra'ayi kuwa shi ne ya yi haƙuri, domin tun 2018 gidajen biyu suka karkata ga sabuwar kyamara marar madubi, labarin kuma ya riga ya isa majalisa, mutumin namu ya fara jin tasa ta yi masa nauyi a wuya, yana neman mai saye a asirce. Labulen Canon ɗin nan an ƙera shi ya buɗe sau 150,000, na Nikon sau 200,000, shi kuwa bai ci ko zakkar wannan adadi ba. Ka je ka same shi bayan la'asar, ka yi masa jaje, ka taya da rabin kuɗi. Kada ka tsaya tambayar Canon ce ko Nikon. Ka dai roƙe shi ya haɗa maka da littafin, za ka same shi a ledarsa ba a ɓare ba.