Mu da Kininmu, In Maigida Ya Kusa Dawowa

Mu matan Tajaye da tafiyar maza muke lissafin haihuwa. Ana gama ɗaure gero gari zai yi sauƙi, wannan ya nufi Abijan, wancan Libiya, wani Kamaru. Sai hadari ya fara haɗuwa su dawo. A tsakanin nan ne zancen kinin tazara yake tashi a bakin rijiya da wurin daka. An yi yaye, yaro ya kama gudu, maigida ya bugo waya ya ce yana hanya, sai ki ji ana raɗa: "Yaya, ni fa na ajiye."

Kowace da irin ajiyewarta. Wata a tsakiyar kati za ta tsaya, jini ya zo mata bayan kwana biyu, lissafi ya rikice. Wata tun da sauran wata uku take bari, wai jiki ya huce. Sannan ga gwaggo da tata fatawar: "Ɗiyata, sai kin yi wankin mahaifa, kinin nan taruwa yake a mara." Daga nan sai aike kasuwar Badagishiri ko Ƙwanni a sayo sassaƙe da jiƙo. Mace ta kwana tana gudawa, ta tashi jiri na ɗibarta, a ce dattin ne yake fita.

Gwaggo ƙauna ce ta sa ta faɗa, amma kinin ba ya taruwa. Da yana taruwa, me zai sa a ce mu sha kullum? Wace unguwa ce ba ta da wadda ta manta kwana biyu ko uku, ciki ya shiga? Cikin 'yan kwanaki kinin yake barin jiki, kuma ana iya ɗaukar ciki tun a watan farko. Al'ada takan yi wata biyu zuwa uku kafin ta daidaita, wannan ba ciwo ba ne. Ƙarasa kati ya fi, don ki san ranar da za ki fara ƙirga.

Inda muka fi ruɗewa shi ne haɗa kinin da allurar wata uku. Ita allura tana da nawa: mace takan kai wata goma daga ta ƙarshe, wata har shekara, kafin ciki ya samu. Wadda ta daina allura ranar da maigida ya sauka a tasha, damina za ta wuce, ya sake ɗaukar jaka, ita shiru. Nan uwar miji take fara ƙirga watanni da yatsu, nan kuma ake fara jin ƙishin-ƙishin ɗin ƙarin aure. Na ga hawaye a kan wannan, alhali lafiyar yarinya lau. Da ta je ta faɗa wa sajfam, ungozomar likita, niyyarta da wuri, da an mayar da ita kan kinin tun da rani.

Kuma tun 2006 gwamnati ta ce tazarar haihuwa kyauta ce a likitocinta. Mun iya zuwa karɓa, amma ranar bari ba ma komawa, kamar mun yi wa sajfam laifi. Alhali a ranar ce ya kamata a auna mana hawan jini, mu kuma tambayi kinin ƙarin jini mai sinadarin folik. Mu sai ciki ya yi wata huɗu muke zuwa awo mu karɓa, shi kuwa aikinsa na kare ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri a makonnin farko yake, tun mace ba ta san tana da ciki ba.

Wadda goyonta bai cika shekara biyu ba, ta ɗan dakata, kowa ya san wahalar rurrutsa. Wadda kuma ta shekara cur da maigida a gida ba labari, ko wata shida in ta haura shekara 35, su tafi tare a duba su, Illela ko Galmi, don matsalar takan fito daga namiji ma. Watannin da yake Abijan ba sa cikin lissafi. Inna, Gwaggo, don Allah ku daina ƙirga su a kan 'ya'yan mutane.