Yadda Ake Fasa-Ƙwaurin Zogale Zuwa Cikin Kular Maigida

Duk wadda ke zaune a Panshekara ta san ƙarar da ke biyo bayan sallar Asuba, wato ƙarar murfin kula. Kafin rana ta ɗaga titi ya cika da maza, wasu a babur, wasu a Adaidaita Sahu, wasu suna jiran motar kamfani. Na Challawa tafiyarsu ba nisa, na Sharada sai sun ɗan miƙa, na Bompai kuwa sai sun ratsa gari. Kowa da kularsa a leda. Mutumin da zai wuni tsaye a gaban inji, abin da kika zuba a kular nan shi ne ƙarfinsa na yau, shi ne kuma lafiyarsa ta shekara goma masu zuwa.

To amma 'yar'uwa, ni da ke mun san halin mutanen namu. Ki ce yau ganye za a ci, maigida ya dube ki ya ce shi ba akuya ba ne. Ki ce za a rage gishiri, ya ce ai ba a asibiti yake kwance ba. Yara kuwa da sun hango kore a faranti sai su fara tsince shi ɗaya-ɗaya kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa. Shi ya sa nake ba ki shawara ki daina sanarwa. Wannan aiki fasa-ƙwauri ne, kuma 'yar fasa-ƙwauri ba ta tara 'yan jarida. Kalmar "lafiya" kada ta fito daga bakinki a gaban murhu. In an tambaye ki me aka dafa, ki ce abin da aka saba.

Ki fara da miyar kuka, domin ita ce iyakar da babu jami'in kwastan. Ki samo ganyen zogale ki wanke, ki shanya a inuwa, ba a tsakar rana ba, don rana tana ƙone amfaninsa. In ya bushe ki daka ki tankaɗe, ki haɗa da garin kuka: cokali biyu na kuka, ɗaya na zogale. Kore ya haɗu da kore, wa zai raba su? Ki kaɗa shi dab da saukewa, kada ya daɗe yana tafasa. Haka za ki yi wa ƙullin ɗanwake, wanda dama da kuka ake kwaɓa shi. Dambu kuwa ba sai kin ɓoye ba, zogale ɗan gida ne a cikinsa. Ki ninka abin da kika saba zubawa, ki ƙara albasa, ki yi shiru. Ganyen nan yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, yana kuma da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon ido. In kin ɗan matsa lemon tsami a kai, jiki zai fi saurin ɗaukar ƙarfen. Shayi kuwa akasin haka yake yi, saboda haka ki ba da tazara tsakanin kwanon dambu da kofin shayi.

A ina za ki samo ganyen? Nan fa ba wasa nake ba. Majemun Challawa suna jemar fata da sinadarin kuromiyam, kuma an daɗe ana kuka da ruwan masana'antu da ke gangarawa kogi. Ganyen da aka yi wa ban-ruwa da irin wannan ruwa, wankewa ba ta fitar da abin da ya riga ya shige shi. Ki tambayi mai kayan miya daga ina kayansa suke, tambaya ba rashin kunya ba ce. Mafi sauƙi ma, ki yanko reshen zogale mai kauri ki kafa a bayan ɗaki farkon damina, zai kama ba tare da ya nemi lallashi ba. Alayyafo kuma yana fitowa a tsohon buhun shinkafa in an cika shi da ƙasa da taki. Abokiyar gabarki ɗaya ce, akuyar maƙwabta, ita kuwa ba ta buƙatar a yi mata fasa-ƙwauri. Idan sanyi ya shigo, tumatirin Kura da Kadawa ya cika kasuwa ya yi araha, ki sayi kwando ki yanka ki shanya kauɗa, ki huta da tsadar damina.

Yanzu sai babban yaƙi, yaƙin dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba. Shi kuwa dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Ki ƙirga nawa kike murzawa a tukunya ɗaya, ki ƙara da gishirin da kike barbaɗawa, ki ƙara da yajin da maigida ke zubawa a kai, wanda shi ma da dunƙule aka daka shi. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo gida. Amma kada ki janye dunƙulen gaba ɗaya a dare ɗaya, za a yi miki juyin mulki. In shida kike sawa, wannan makon ki sa biyar, ki bar shi haka har harshe ya saba, sannan ki sauka huɗu. Sannu ba ta hana zuwa. Gurbin da ya bari ki cike shi da daddawa mai kyau, da garin busasshen kifi, da citta, da tafarnuwa, da ɗan masoro. Ki soya albasa a hankali har ta yi ja ta saki zaƙinta. Ƙamshi kan riga ɗanɗano isa, kuma wanda hancinsa ya gamsu ba kasafai harshensa ke kai ƙara ba.

Wadda ta fara kama ni ita ce surukata. Ta zo mana kwana biyu, ta kai lomar farko ta tuwon dawa, ta tsaya, ta dube ni. Na ce, "Iya, ko da matsala?" Ta ce, "Yarinya, wa ya koya miki miyar da?" Daga ranar na sami mai tsaya mini. In kika sami tsohuwa a ɓangarenki, shari'a ta ƙare, don babu ɗan da ke ɗaukaka ƙara a kan miyar da mahaifiyarsa ta yaba.

Sukari dabararsa ba wuya. Idan maigida ya rantse sai cokali uku a shayi, kada ki yi gardama a kan lissafi, ki canja cokalin. Ki nemo ƙarami ki jefa a gwangwanin sukari, babban kuma ya tafi hutu can ƙasan kwando. Uku dai uku ne. Ƙaramar kwalbar lemo tana ɗauke da sukari kusan cokali tara, alhali abin da hukumar nan ta ce kada babba ya wuce a wuni bai fi kamar cokali 12 ba. Ki dafa zoɓo da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ki ɗan ɗiga sukari, ki ɗura a gora mai kyau. Yara da ido suke sha.

Su yaran nan kek suke nema, kuma ba sai kina da injin gashi ba, balle ki zauna jiran wuta. Ki sami babbar tukunya mai kauri, ki zuba yashi mai tsabta kamar tsayin yatsa biyu, ki rufe, ki ɗora a kan gawayi ya ɗauki zafi kamar minti goma. Gwangwanayen madara da kika wanke kika shafa wa mai su ne ma'aikatanki. A ƙullin, ki cire kashi ɗaya cikin uku na farar fulawa ki maye shi da garin alkama, irin wanda ake alkaki da shi. Rabin sukarin ki bar shi a gwangwani, ki markaɗa dabino da aka jiƙa, ko ayabar da ta nuna har ta fara baƙi, wadda mai kayan marmari ke neman kai da ita da yamma. Ki goga karas ɗaya a ciki. In autanki ya tambayi jan abin nan, ki ce ado ne, kuma gaskiya kika faɗa. Kada ki cika gwangwani, rabi da ɗan ɗori ya isa, don zai tashi. Ki jera su a kan yashin, ki rufe, ki ɗora garwashi kaɗan a kan murfi don sama ta gasu tare da ƙasa. Haka masu gurasar Jakara suke lallaɓa tanderu, da sanin wuta ba da maɓalli ba. Sai abu mafi wuya: minti 20 na farko kada ki buɗe. Ƙamshi zai cika gida, yara za su kewaye ki, maƙwabciya za ta shigo aron abin da ba ta buƙata, zuciyarki za ta ce leƙa kaɗan. Kada ki leƙa, iska ɗaya ta shiga kek ya zauna. Bayan nan ki soka tsinke. In ya fito a bushe, ki sauke.

Ita kanta kular tana da haƙƙi. Ki zuba mata tafasasshen ruwa ta ɗumama kafin ki juye, abincin kuma ya shiga da zafinsa, domin shinkafar da ta wuni da ɗumi-ɗumi ita ce ke ɓata ciki. Mai aikin dare kada ki cika masa tuwo, mutum ne da zai tsaya kusa da inji. Wake da shinkafa da ɗan kwaɗon zogale sun fi masa. Waken ki jiƙa shi tun dare, zai nuna da wuri, ki tsira da gawayinki, ki kuma rage kanwa, wadda yawanta ke kashe wasu bitamin.

Ni wata huɗu na yi ina wannan sana'a, ina zaton maigida bai gane ba. Ran nan maigida ya dawo daga Challawa bayan Magariba, ya ajiye kula wayam, ya ce daga gobe a ƙara hannu, don abokan aikinsa biyu sun mayar da dambuna nasu. Sannan ya kwance wani ƙunshi daga bayan babur ya miƙo mini. Na buɗe, zogale ne ɗanye, dami guda. Ya ce, "Wanda kike dakawa a ɓoye ya kusa ƙarewa, na duba gwangwanin."