Da kuɗinka sai da rabonka

Saura kwana 12 ƙaramar Sallah na hango wani takalmi a sitatus ɗin wata Hajiya mai sayar da kaya a WhatsApp. Sau-ciki ne baƙi mai sheƙi, irin wanda idan ka cire a filin Idi rabin hankalinka na kansa har a sallame. Naira dubu 28, kuɗin aike dubu 3. Alat na shiga ta amso: "Allah ya saka da alheri, Alhaji." Ko filin jirgi ban taɓa kwana ba, amma ga shi dubu 31 ta sauke mini farali. Ta ce kayan suna Legas, jibi za su iso Kano.

Jibin nan yau watansa huɗu.

Makon farko aka ce kaya sun taso. Tsakanin Legas da Kano kusan kilomita dubu ne, motar da ta fi kowace nawa tana cinye shi a kwana biyu zuwa uku, amma takalmina ya yi mako a Lokoja, wai taya ta fashe. Daga nan aka ce ya iso Zariya, an juye shi a wata motar. Lambar direba a kashe. Da na je tasha, ɗan kamasho ya nuna mini tulin buhuna da kwalaye, kusan kowanne an rubuta masa "Hajiya, Kano" da lambar wayar da ruwan sama ya wanke, ya ce in duba nawa. Na yi Idi da silifas ɗin alwala.

Sai na yi abin da ɗan mutunci ba ya yi: na ce a mayar mini da kuɗina.

Amsar ta zo a saƙon murya na minti huɗu. Ta buɗe da innalillahi, ta yi mini jaje kamar gidana ne ya ƙone, ta tuna mini cewa abin da ba rabonka ba ko yana bakinka sai ya faɗi, ta rufe da cewa ita ma asara ta yi. Kan ta gama har na fara jin tausayinta, saura kaɗan in tambaye ta ko akwai abin da zan taimaka da shi. Washegari ta kawo mafita: akwai lamba 39, ko in karɓi turaren wuta na kuɗin. Ƙafata 44 ce, kuma turare ba ya takuwa.

A gida uwargida ta ce in rufa mata asiri, Hajiyar ƙanwar ƙawar yayarta ce, kuma adashensu ɗaya. A majalisa kuwa kowa ya zama malami. Wani ya ce mahaƙurci mawadaci, wani ya ce in bar ta da Allah, wani ya ce laifina ne, ga Ƙofar Wambai da Sabon Gari a hancina na tsallake zuwa Legas. Mai cewa in yafe ɗin nan, na taɓa ganinsa a 'Yankaba yana tayar da jijiyar wuya da mai tattasai a kan naira 50. Haka muke. Kafin biya mun fi kowa iya ciniki, bayan biya sai kunya ta ɗaure mana baki, mai neman haƙƙinsa ya koma shi ne mai son abin duniya.

Alhali akwai doka. Dokar gasa da kare haƙƙin masu sayayya ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC, kuma karɓar irin wannan ƙorafi na cikin aikinta. Jumia da Konga ma, da suka fara a 2012, sun karanci ɗan Nijeriya sarai, suka yarda sai kaya sun zo hannu a biya. Mu kuwa hoton Ka'aba a furofayil ya ishe mu risit.

Na rubuta mata cewa zan kai ƙara hukuma. "Hukuma, Malam? A kan takalmi?" Kun ga an karɓe Hajjin. Zuwa yamma na koma "bawan Allah". Da daddare sitatus ya cika da habaici kan mahassada masu son durƙusar da sana'ar matan aure, da addu'ar Allah ya raba ta da matsiyacin kwastoma. Mutum 200 sun gani, uwargida ta ce har da surukata.

Ƙarshenta manya suka shiga. Aka turo mini dubu 10, sauran sai Allah ya hore, ni kuma aka sa na ba da haƙuri a kan zafin da na yi. Na bayar, har da godiya.

Jama'a, duk wanda ya ga wani yaron mota tsakanin Lokoja da Zariya sanye da baƙin sau-ciki lamba 44, don Allah ya ce masa ya riƙa goge shi. Har yanzu ina da dubu 21 a cikinsa.