Saitin Giyar Otomatik, da Abin da Ya Samu Kunun Hajiya

Giyar otomatik da ƙarfin mai take aiki. Famfon da ke cikin giyabos yana tura jan mai ta siraran hanyoyi zuwa faya-fayan kuloci, man ya matse su, giya ta shiga. Idan matsin ya yi yawa, mota ta yi shuri. Idan ya yi kaɗan, faya-fayan su riƙa sulɓewa, inji na ihu mota na jan ƙafa. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara sayar da irin wannan giya da yawa, a motocin Oldsmobile na 1940, kuma injiniyoyi da na'ura suke auna matsin. A bakin titin Damagum, hedikwatar ƙaramar hukumar Fune, da kunne ake aunawa.

Tsofaffin Camry 'yan Kwatano, ƙirar 1997 zuwa 2001 masu silinda huɗu, suna da wata waya da ta taso daga totur ta gangara cikin giyabos. Aikinta ta sanar da giya yadda direba ya taka mai, domin matsi ya ƙaru daidai da nauyin aiki. Noti biyu ne ke riƙe da ita. A ja ta, giya ta yi tauri. A sassauta, ta yi laushi. Ƙa'idar Toyota ita ce ɗan ƙarfen da ke jikin wayar kada ya wuce bakin robarta da fiye da milimita 1. Wannan ƙa'ida ba ta iso kunnen mai wannan rubutu ba sai bayan an yi wa giyarsa sadakar uku.

Shi ne misalin matsi mai yawa. Ya kai ƙorafi gareji cewa motarsa ba ta da kuzari. "Alhaji, ai waya ce ta saki," in ji bakanike (bai taɓa zuwa Makka ba, amma a gareji duk mai Camry Alhaji ne). Aka ɗaure noti har sai da sifana ta ƙi juyawa. Washegari ya ɗauki surukarsa zuwa suna a Potiskum, tana kujerar baya rungume da bokitin kunun gyaɗa. Daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu, tun ba a fita gari ba, motar ta yi tsalle irin na ɗan maraƙin da aka kwance wa igiya. Kunu ya bar bokiti, ya rabu uku: gilashin gaba, mayafin Hajiya, da ƙeyar direba. Tsakanin suruka da suruki akwai kunya, saboda haka abin da ta ce kawai shi ne, "Sannu da ƙoƙari." Da ta zage shi ma da ya fi sauƙi. Amma a yi wa tauri adalci: faya-fayai na kamawa nan take, ba sa cinyewa da wuri. Robobin da ke riƙe inji su ne ke shan wahala, sai kuma zumunci.

Laushi ya fi daɗi, ya kuma fi ɓarna. Bakanike na biyu a Potiskum ya tambaya wane ne ya yi wannan aika-aika, ya sassauta wayar har ta yi lilo. Shuri ya ɓace. Tafiya ma ta ɓace. A hanyar komowa tirelolin shanu suka yi ta wucewa, sannan Keke Napep cike da albasa, yaron ciki har yana ɗaga hannu. Sulɓewar kuloci zafi take haifarwa, zafi ya dafa mai, ga kuma ranar Yobe ta watan Afrilu da ke haura maki 40. Man da ya kamata ya zama ja ya koma baƙi yana ƙauri.

Shi ya sa kafin a taɓa waya ake fara duba mai: mota a wuri mai shimfiɗa, inji ya yi zafi yana kunne, giya a kan P. Giyabos ɗin wannan Camry man Dexron yake sha. Camry da ta biyo baya a 2002 man T-IV take so. Bakanike na uku ya zaro sandar awo ya same ta kusan a bushe, mai na ɗiga ta ƙasan faranti tun da daɗewa. Waya ba ta da laifi tun farko. Giya dai ta riga ta mutu, daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano aka aiko da wani giyabos.

Motocin baya-bayan nan ba su da wayar. Kwamfuta ce ke sarrafa matsi ta ƙananan bawul masu aiki da lantarki, tana kuma gyara shi da kanta yayin da kuloci ke tsufa. Saitinsu sai an jona na'urar bincike, sifana ba ta da abin kamawa. Hajiya dai an yi mata wannan bayani, ta ce motar haya ta wadatar.